Fatar Da Ba A Yanka Ba

Daga Agege na taso tun asuba,
basilla a aljihu, ƙullin bagaruwa a hammata.
Mota uku na canja kafin Akoka,
ruwa ya tare ni a Yaba, ya raka ni har ƙofar jami'a.
Saude ce ta kira ni, 'yar ƙanina,
wai malamansu na neman baduku.
Na ce, me boko zai yi da baduku?
Ta ce, Baffa, kai dai zo.

Ɗakin sanyi ƙalau kamar cikin randa.
Aka ba ni farar riga da safar hannu,
ni da karan dafi ya rina wa yatsu shekara arba'in.
Ga faranta jere a kan kanta,
ruwan shayi mai tsami a cikin kowanne,
wani abu kwance a samansa
kamar yanar da ke hawa kan kunu in ya huce.

Dakta Morenike, da Hausar da ta tsinta a kasuwa,
ta ce, Baba, wannan fata ne.
Na ce, ta wace dabba?
Sai ta turo mini madubin nan mai girmama ƙanana.
Na kanne ido ɗaya, na leƙa.

Ashe masaƙa ne.
Dubu bisa dubu, ba ƙoshiya, ba takala,
kowa na jan zarensa cikin duhu,
ladansu sukari.
Na yi tasbihi, na sake leƙawa.

Chidubem, yaron da ke zane a kwamfuta,
ya ja dagi a allonsa,
inji ya ƙona shi a busasshen ƙyallen da tsinin haske
kafin in gyara tsayuwa.
Ya fi nawa daidaita.
Wannan na haɗiye, ban faɗa ba.

Suka miƙo mini. Na shinshina, na ja, na naɗe,
na soka basilla.
Ta yage kamar tsohuwar takarda.
Ɗaki ya yi tsit, sai kukan firji.
Saude ta sunkuyar da kai,
wata bakwai ke nan tana kiwon abin nan.

Na ce, ko ta akuya ce, ba a ɗinka ta ɗanya.
Ku kawo turmi.
Babu turmi a jami'a, injin markaɗe aka samo.
Bagaruwa ta sha ruwa, fata ta sha bagaruwa,
kwana uku, sannan man gyaɗa,
sannan murza, murza, har kafaɗa ta yi ƙara.
Dakta na bina da biro, wai cokali nawa?
Na ce, hannu ne ya sani.
Ta ce, to, bari mu auna hannun.
Suka kuwa auna.

Ran Alhamis basilla ta shiga, ta fita,
ɗinki ya zauna daram.
Chidubem ya kurma ihu har mai gadi ya leƙo.
Ni taga na juya wa,
ina kallon kainuwa na tafiya kan ruwa,
da motoci cunkushe a doguwar gada,
ina tuna babana da yake cewa
kowane takalmi bashin rai ne a ƙafa.
Wannan fa, wa za a biya?

Sun sa sunana a takardar, ƙasan na Saude,
sun manta ƙugiyar da ke kan harafin farko.
Ɗanliti ya koma Danliti. Ba komai.

Yanzu ina da dabba a ƙarƙashin benci,
cikin kwalbar da Dakta ta ba ni.
Ba ta kuka, ba ta cin dusa,
shayi take sha, wanda ya fi nawa zaƙi.
Jiya mai ɗakina ta ɗaga ƙyallen, ta toshe hanci,
ta ce, Malam, in Layya ta zo
ta ina za ka sa mata wuƙa?